Shekarar da Aka Watsa Muryar Yayarku

Wani malamin babbar makaranta, irin waɗanda ake ce wa Dakta, ya karɓi muryar yayarku a kan amana, ya kunna ta a gaban taro don a tafa masa. Wannan kunnawar ita ta raba ni da garinmu, ta raba ni da gonar ubana, ta bar mini hannun hagun nan da ba ya dunƙulewa. Na fara da wannan ne don kada ku wahala kuna neman mai laifi a tsakiyar labari. Kun taso ana ce muku 'ya'yan infoma a bakin famfo da hanyar makaranta. Wasunku sun yi dambe a kai, wasu sun haɗiye. Babu wanda ya taɓa tsayawa gabana ya tambaye ni ko gaskiya ne, kuma na san dalili: tsoron amsar kuke ji. To ga amsar. Karatuna bai wuce aji biyu na sakandare ba, wanda ya ga rubutun ya karkace ya gyara a ransa. Maganar dai a miƙe take.

Kafin duniya ta juya, ni dillalin shanu ne. Daga ƙauyenmu na bayan Zakka nake bin kara-kara, wato kasuwannin shanu, yau Safana, gobe Batsari, har inda ƙafa ta kai. A kara na koyi Fulatanci, da ciniki da rantsuwa da zagin wasa. Na ci tuwo a rugage, na sha kindirmo a ƙwaryar matansu, na san wanda ya haifi wane. Da abin ya ɓaci, wasu daga cikin yaran da na sani suna kiwo suka ajiye sanda suka ɗauki bindiga suka shige daji. Iyayensu da yawa suka watse kamar yadda mutanenmu suka watse, don su ma ba a bar su da ko ɗan maraƙi ba. Kara ta mutu. Gonakin nesa suka zama wurin da mutum ke tafiya da fartanya a dawo da hularsa kawai. Ana cikin haka, gab da faɗuwar damina, aka ɗebe mana mata a wurin itace, cikinsu har da mai goyo.

Mai unguwa ya aika aka kira ni bayan la'asar. Na same shi a zaure shi da Liman da wasu dattawa biyu, an sa yaro ya ja ƙyaure ya tafi. Muka gaisa, gaisuwar ta yi tsawo fiye da kullum, sai na san akwai magana.

"Isuhu," in ji Mai unguwa, "kai ka san bakinsu, kai ka san iyayensu. Aikenka za mu yi."

Na ce, "Ranka shi daɗe, aiken da ake dawowa ko wanda ba a dawowa?"

Liman ya ce, "Rai ai a hannun Allah yake."

"Na sani, Allah shi gafarta Malam. Naka ma can yake, amma ban ga ka sa takalmi ba."

Suka yi dariya, irin wadda ake yi don kada a yi kuka. Sharaɗinsu ɗaya ne: kada kowa ya ji. Hukuma ba ta son a yi magana da mutanen daji, 'yan sa-kai kuwa ba sa tsayawa tambayar wa ya aike ka. Muka yi fatiha a kan haka, na tashi. Na shiga dajin nan ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Abin da nake kaiwa shi ne roƙon gari: a sako mana matanmu, a bar mu mu yi shuka. Abin da nake dawowa da shi amsarsu ce, mai daɗi ko mai ɗaci. Ban taɓa nuna musu gidan kowa ba. Ban taɓa gaya musu wa ya sayar da sa ko wa ɗansa ya aiko daga Legas ba. Ban kai musu fetur ba, ban kai musu burodi ba. Ku riƙe wannan da kyau, don a kansa aka karya ni: ɗan aike gari ne ke tura shi daji, infoma kuwa daji ne ke ajiye shi a gari. Matan sun dawo. An yi shuka a shekarar, an girbe, kuma kun ci tuwon, ku da 'ya'yan waɗanda suka ɗaure ni daga baya.

A gida innarku ce kawai ta sani, sai yayarku, wadda ba a ɓoye wa komai don idonta ya fi kunnenta ji. Ta zo hutu ta ga ina cire ƙaya a ƙafa, irin ƙayar da babu ita a hanyar gona, ta kawo ruwan zafi ta ajiye. Lokacin tana babbar makaranta a birni tana koyon aikin malanta. Ni na tsaya a kan sai ta tafi. Baffanku Garba ya ce karatun mace sakandare ya isa, na ce masa nawa karatun a aji biyu aka tsinke shi don babu mai tsaya mini, ita kuwa tana da mai tsaya mata. Ita ce ta farko a dangi da ta kai can. In ta dawo hutu, ita ke koyar da 'yan mata a Islamiyya, ita ke karatu a lasifika ranar walimar sauka. Babu gidan da bai san muryarta ba, har tsofaffin da idonsu ya mutu suna jin ta buɗe baki su ce, ɗiyar Isuhu ce.

A wannan hutun ne na fara ganinta tana hawa tudun bayan gida, inda waya ke kama sabis, ta zauna gindin tsamiya tana magana ita kaɗai da waya a bakinta. Innarku ta leƙa ta kan danga.

"Ke, da wa kike ta zuba haka? Miji kika yi ba mu sani ba, ko mutanen tsamiya ne suka kama ki?"

"Aikin makaranta ne, Inna. Waiwaye nake yi."

"Waiwaye? To ai ban ga kin juya wuya ba."

Da na zaunar da ita ta yi mini bayani. Wani malaminsu, shi wannan Daktan, yana bincike ne a kan yadda ɗalibi ke koyo. Ya raba ajinsu biyu, kamar yadda muke raba gona mu zuba wa rabi taki mu bar rabi mu ga bambanci. Rabi ya bar su da karatunsu yadda suka saba. Ɗaya rabin, wanda take ciki, ya sa musu wata manhaja a waya, ya ce duk ƙarshen mako kowa ya zauna ya yi magana a ciki: me na koya, me ya hana ni koyo, me zan gyara. Shi ya raɗa wa abin suna waiwaye, wai waiwaye adon tafiya. Yana so ya gani ko masu waiwayen za su fi sauran fahimta. Kuma akwai maki a kai. Wanda ya ce na gane darasi alhamdu lillahi ya yi shiru, makinsa kaɗan ne. Wanda ya buɗe cikinsa ya faɗi abin da ke cin ransa, shi ne ya yi waiwaye mai zurfi. Na ce mata a zamaninmu in mutum ya zauna gindin tsamiya yana magana shi kaɗai, wurin mai ruƙiyya ake kai shi, yanzu kuma maki ake ba shi. Ta yi dariya. Sannan na tambaye ta abin da ya kamata uba ya tambaya.

"Wa ke jin abin da kike faɗa?"

"Shi kaɗai, Baba. Ya ce ko sunanmu ba ya fitowa, lamba ce kawai."

"Mutumin kirki ne?"

Ta ce, "Tunda na shiga makarantar nan, shi ne malamin da ya taɓa tambayarmu yadda muke."

Ban hana ta ba. Yarinya ce da ta taso a gidan da ake haɗiye magana, a garin da in ka yi tari sai ka duba wa ya ji. Ta samu wanda ya ce faɗi, ina saurare. Ko ni ne a shekarunta da na faɗa.

Bayan ta koma makaranta aka sake tura ni daji a kan maganar girbi, kuma a wannan karon sun riƙe ni fiye da yadda suka saba. Innarku ta kira ta tana kuka. Makon jarrabawar gwaji ne, ta zauna gaban takarda ba ta iya rubuta komai ba. Da ƙarshen mako ya zo ta ɗauki waya ta yi waiwayenta. Ta fara da cewa dattawan garinsu, Mai unguwa da Liman, su suke aiken babanta wurin mutanen daji don roƙon a bar gari ya yi noma, saboda shi dillalin shanu ne ya iya bakinsu. Sannan ta ce: ban iya karatu a makon nan ba, don babana ya sake shiga daji kai musu saƙo, kuma duk lokacin da ya shiga ba na gane abin da nake karantawa sai ya dawo. Ta ƙare da cewa yanzu ta gane in ta zama malama, in ta ga yaro ya zuba wa allo ido ba ya gani, za ta tambaye shi lafiyar gida kafin ta ɗauki bulala. Farkon maganar da ƙarshenta daga bakinta na ji su daga baya. Tsakiyar kuwa na haddace ta kamar Ƙulhuwallahu, don an kunna mini ita a fuska har na daina ƙirgawa.

Da bincikensa ya nuna, Dakta ya kai shi wani babban taro na malamai da ɗalibai. Ya nuna musu cewa masu waiwaye sun fi sauran, sannan ya ce bari ya jiyar da su misali mafi kyau, ya kunna muryar yayarku a lasifika. An ce mata sun share hawaye, maza sun girgiza kai, an tafa masa har da tsayuwa. A cikin masu tafin wani ya ɗaga wayarsa ya naɗa. Daga wannan waya zuwa waccan, maganar ta rasa kai ta rasa ƙafa, sai cikin ya rage. Wani ɗan albarka ya rubuta a samanta cewa ɗiyar infoma ta tona asirin ubanta. Ta bi wayoyi daga birni ta sauko Safana, ta zagaya Batsari, baffanku ya ce har a Yasore da Darini ya ji ana kunna ta a teburin mai shayi. Kafin ta iso ƙauyenmu Mai unguwa ya kwanta ciwo bayan girbi, Allah ya karɓi abinsa.

Da hantsi suka zo, ina gyaran rumbu. Haruna ne a gaba, shugaban 'yan sa-kai, wanda mutanen daji suka kashe wa ƙane a gona. Ban riƙe shi a rai kamar yadda kuke zato ba, mutumin da ya wanke gawar ƙanensa da hannunsa ba a tambayarsa haƙuri. Ya miƙo waya daf da hancina ya kunna.

"Muryar wa ce wagga?"

"Ta ɗiyata ce."

"Ƙarya take yi?"

Ku duba inda suka tsayar da ni. In na ce ƙarya take, na tsira na bar ta da sunan wadda ta yi wa ubanta ƙazafi a duniya. Na ce, "Ɗiyata ba ta ƙarya. Na shiga daji, na kai saƙo. Ku tambaye ni saƙon wa."

"Kun ji da bakinai," in ji wani daga baya. "Mi kuma ake jira?"

Na ce a kira Liman. Aka kira shi, ya zo yana jan carbi. Ya dubi bindigogin, ya dubi taron da ya cika ƙofar gida, ya dubi ƙasa.

"Ni dai ban aiki kowa ba," in ji shi. "In akwai wata magana, tsakaninsa da Mai unguwa ne, shi kuwa ya riga mu gidan gaskiya."

Dattawan nan biyu, ɗaya ya ce ba ya jin daɗin jikinsa, ɗayan an ce ya tafi ta'aziyya tun da sassafe. Suka ɗaure ni a turken da nake ɗaure shanun mutane. Ba zan rubuta abin da aka yi ba, manyanku sun gani ta kafar danga. Abin da zan rubuta shi ne innarku ta fito ba mayafi, matar da maƙwabta ba su san kalar gashinta ba, ta faɗa kaina ta ce sai dai a haɗa da ita. Sai wata tsohuwa, uwar mai goyon nan da aka sako, ta ratsa maza da sandarta tana cewa, "To wa ya dawo mini da ɗiyata, ku ne? Kai Haruna, kai ne?" Aka ce tsufa ne. Amma maganarta ta sa hannunsu ya yi sanyi. Suka kwance ni, suka ce kada rana ta faɗi ina garin.

Haka muka zo Batsari, a bayan motar itace, hannuna a ɗaure da tsumma da kara. Mai ɗori ya yi iya yinsa. Shagon da ba a gama ginawa ba, wanda kuka sani, shi muka sa wa buhu a ƙofa muka kira gida. Na gwada komawa kara, amma dillanci amana ce zalla: mai saniya ya ba ka igiya ya juya baya. Wa zai ba infoma igiya ya gaya masa nawa ya samu? In na doso inuwa sai hira ta mutu. Wanda muka yi shekaru muna cin goro ɗaya ya gan ni ya shiga duba haƙoran sa kamar bai taɓa ganin haƙori ba.

Yayarku ta dawo da akwatinta ba a yi hutu ba. A makaranta ma an gane ta, 'yan yankinmu sun gane muryar, aka riƙa nuna ta da baki. Ta shigo ta durƙusa a bakin tabarmata ta kifa kai a ƙasa.

"Baba, ni na kashe ka."

Na ce, "Ban mutu ba. Tashi ki ba ni ruwa."

Ta ba ni ruwan. Tun daga ranar maganarta ta koma e da a'a. Wayar ta ba ƙanenta ta ce kada ta sake ganinta. Yarinyar da ke cika lasifika, yanzu in tana karatun sallah sai ka kasa kunne kafin ka tabbata tana yi. Innarku ta yi lallashi, ta yi faɗa, ta ce ta koma makaranta ko don maƙiya, ta ce a'a. Sai da aka daɗe sannan wata rana tana tsince shinkafa ta ce mini, ba tare da ta ɗago ba, ai a farkon maganar ta faɗi waɗanda suka aike ni. Na ce ta maimaita. Ta maimaita. Na ce ina cikakkiyar take? Ta ce manhajar ba ta barin komai a waya, kana gamawa take tafiya wurin Dakta.

Na aika wa Haruna ta bakin baffanku. Amsarsa ta dawo, kuma ta namiji ce. Ya ce in yarinya ta zo yanzu ta faɗa da baki ba zai karɓa ba, kowace ɗiya za ta kare ubanta. Amma in akwai maganar da ta yi tun Mai unguwa na da rai, tun ba a zargi kowa ba, a kawo a kunna a ƙofar masallaci. In ya ji sunan Mai unguwa da Liman a ciki, shi da kansa zai zo Batsari ya ɗauki kayana a ka. A ranar na ci abinci har na nemi ƙari.

Na sa rigata ta Juma'a na shiga mota zuwa birni. Mai gadin makarantar ya tambaye ni katin shaida, na nuna masa hannuna na ce ga shaidar da makarantarku ta ba ni, bai gane ba amma ya bar ni na wuce. Na zauna a benci bakin ofishin har ƙafata ta yi tsami, ɗalibai na wucewa kowa da waya a hannu. Da aka ce in shiga, na tarar da yaro ne a kaina, da ƙyar in ya kai arba'in, fes da shi, ɗakin da sanyin na'ura, takardar yabo a bango cikin gilashi. Ba zan yi masa ƙarya ba, ya tashi ya ba ni hannu, ya ce Baba zauna, ya tambayi hanya da mutanen gida. Na ce a kan ɗiyata na zo, ɗalibarsa ce.

"Masha Allah. Ya sunanta, Baba?"

Kun san 'yar fari ce. Tun ranar da aka raɗa mata suna bai taɓa fita daga bakina ba, ko a gaban innarku. Na ce masa ita ce wadda ya kunna muryarta a taro. Ya ce ai ya kunna da dama, sai da suna zai iya dubawa. Na dubi bango, na dubi ƙasa, na buɗe baki na ce, "Sa'adatu." Na ji kamar na tuɓe riga a kasuwa. Ya danna kwamfutarsa, fuskarsa ta washe.

"Ai wannan ita ce ta fi kowa! Baba, ka haifi ɗiya. Waiwayenta har baƙi daga wasu makarantu sun yi magana a kai. Tana lafiya? Kwana biyu ban lura da ita ba."

Na ba shi labari tun daga zauren Mai unguwa har shagon Batsari. Na ɗora hannuna a kan teburinsa don ya gani. Ya yi salati, ya cire tabarau ya mayar. Sannan ya fara abin da na lura masu ilimi sun iya, wato jera dalilai. Ya ce ya cire sunanta, ya cire sunan gari. Ya ce tun farko kowane ɗalibi ya danna inda aka rubuta ya yarda a yi amfani da maganarsa don ilimi. Ya ce ba shi ya naɗa ba, ba shi ya yanke ba, ba shi ya watsa ba, mutanenmu ne ba su da tarbiyyar waya. Na bar shi ya gama. Na ce ban zo shari'a ba, abu ɗaya nake so: ya ba ni cikakkiyar maganar in kai ƙofar masallaci.

Ya ce, "Baba, wallahi an goge."

"An me?"

"Ƙa'idar bincike ce. In an kammala, dole a goge duk muryoyin, don kare sirrin ɗalibai."

Na yi dariya, Allah ya sani ban yi niyya ba. Na ce to shi ya ji da kunnensa, ya taso mu tafi ya faɗa musu da bakinsa. Ya ce makaranta ta hana ma'aikatanta bin hanyar yankinmu saboda tsaro. Na ce ya faɗa a waya in kai. Ya ce wannan sai kwamiti ya zauna, don magana ce da ta shafi 'yan bindiga, kuma a gaskiya ba zai iya rantsuwa a kan kalmomin farkon ba, ya daɗe bai saurara ba, tsakiyar ce ta fi zama masa a rai. Ya ce zai yi ƙoƙari a mayar da ita aji. Sannan ya gyara zama, ya jawo wayarsa ya ajiye tsakaninmu, ya sassauta murya.

"Baba, abin da ya same ku darasi ne babba. In za ka yarda ka sake faɗinsa yadda ka faɗa mini yanzu in naɗa, zai taimaki masu bincike na gaba su gyara. Ba zan sa sunanka ba."

Na miƙe tsaye. Ban ɗaga murya ba, ban taɓa komai a ɗakin ba. Ga abin da na gaya masa, kuma ban rage ko kalma ba:

"Ɗauke wayar nan daga gabana, Dakta. Ka cire suna ka ce ka ɓoye mutum. A garinmu ba da suna ake sanin mutum ba, saniya ma in ta yi kuka a garke mun san ta wa ce. Yarinya ta gaya maka ubanta na cikin daji a hannun masu bindiga. Ba ka kira ta ka ce ya dawo ko bai dawo ba. Maki ka ba ta, ka ajiye kukan nata sai ranar taro. Lokacin da sirrinta zai kashe ni ka sa shi a lasifika, yau da zai cece ni ka ce ka goge don ka kare ta. Ɗalibar da ka ce ta fi kowa ta ɓace daga ajinka tun bara, ba ka sani ba sai da gurgun hannu ya zo daga Batsari ya gaya maka, kuma kai ne mai koya wa 'ya'yan mutane waiwaye. Liman ya ci amanata don yana tsoron bindiga, na san abin da ya gani. Kai me ka gani? Tafin taro kawai. Ni ba na yi da mutum a bayan idonsa, shi ya sa na biyo hanyar da ka ce ba ta biyuwa. Ga idonka ga nawa: ban yafe ba, ita ma ba zan roƙe ta ta yafe ba. Allah ya isa."